Kafin Yaron Nima Ya Kai Aji Huɗu

A makarantun gwamnati na Ghana, aji huɗu na firamare shi ne inda ake yin ta ta ƙare. Daga nan zuwa sama, lissafi da kimiyya da kusan duk sauran darussa da Turanci ake koyar da su, da Turanci aka rubuta littattafansu, kuma da shi ake yi wa yaro tambaya ranar jarrabawa. Yaron da ya iso wannan aji yana iya karanta shafi guda ya gane abin da ke ciki, hanya ta buɗe masa. Wanda ya iso yana haɗa baƙi da ƙyar, kowane darasi ya zame masa wahala biyu: ga nauyin darasin, ga nauyin harshen. Sau da yawa akan ce irin wannan yaro ba shi da kan lissafi, alhali tambayar ce bai iya karantawa ba.

Yaron Nima ko Mamobi, unguwannin Zango na Akra, ba ya rasa basirar harshe. A tsakar gida da cikin lungu Hausa yake ji, ko da iyayensa Dagomba ne ko Zabarmawa ko Kotokoli ko Fulani. In an aike shi Kasuwar Mamudu ranar Laraba, zai yi ciniki da Twi. A makarantar allo yana biya Larabci, a filin ƙwallo kuma brokin yake zubawa da abokansa. Ɗan shekara tara da ke sauya harshe uku tsakanin ƙofar gidansu da bakin titi ba daƙiƙi ba ne, kuma duk malamin da ya kira shi haka ya zalunce shi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi kullum ya saurare shi yana karanta Turancin littafi.

Gwamnati ta daɗe tana kai-kawo kan wannan batu. A 2002 aka ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya. A 2007 aka janye, aka koma ga harshen gida a ƙananan azuzuwa. Shirin NALAP, wanda ya shiga makarantu a 2010, ya tanadi littattafai cikin harsuna 11 na ƙasar, irin su Ga da Ewe da Dagbani da Fante da Gonja. A watan Oktoba na 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada koyarwa da harshen uwa a matakin farko. Manufar daidai take, domin yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake tunani da shi. Sai dai babu Hausa a cikin harsunan nan 11, kuma a Akra harshen da aka ware wa makarantu shi ne Ga. Ke nan ɗan Zango yakan shiga aji ya tarar harshen da aka kira na gida baƙo ne a wurinsa, Turancin ma baƙo. Malamin da ke gabansa ba lallai ya ji Hausa ba, balle ya yi masa bayani da ita. In akwai wurin da za a haɗa masa Hausar da ya iya da Turancin da ake nema ya iya, to gida ne.

Alƙaluman ƙasar ba su bar wurin musu ba. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu na makarantun gwamnati a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna cewa kusan rabinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, waɗanda ke karantawa tiryan-tiryan su fahimta kuwa ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wannan hoton ƙasa baki ɗaya ne, ba na Zango kaɗai ba. Amma uban da ke jiran makaranta ta gama masa komai, ya kamata ya san irin makarantar da yake jira.

Abin da ake mantawa shi ne, gidajen Zango sun riga kowa sanin yadda ake koya wa yaro karatu da harshen da ba nasa ba. Tun zamanin da Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, da lokacin da Malam Futa ya sauka a Nima, haka ake yi: yaro ya riƙe allo, ya ɗaga murya, wani babba yana sauraro, yau a biya, gobe a sake biyawa, ba fashi sai Alhamis da Juma'a. Ana fara masa da babbaƙu, a shiga farfaru, sannan a koya masa haɗawa. Masana koyar da karatun Turanci a yau ba su zo da abin da ya saɓa wa wannan ba: yaro ya san sautin kowane harafi, ya iya haɗa sautukan su ba da kalma, sannan ya yi ta karatu a bayyane har bakinsa ya faɗa. Uwar da ba za ta bar ɗanta ya kwanta bai biya allonsa ba, ita ce kuma ba ta taɓa cewa ya ɗauko littafin Turancinsa, domin a ganinta wannan fagen waɗanda suka yi boko ne.

Wannan tunani ne ya kamata a rushe. Uwar da ba ta san harafi ɗaya na boko ba tana iya kama yaron da ke yaudararta, in ta bi hanya mai sauƙi. Bayan sallar magariba ko isha'i ta ce, "Zo nan, ɗana, karanta mini shafi ɗaya in ji." Ya karanta da ƙarfi. Kunnenta zai gaya mata inda yake tafiya sumul da inda yake tuntuɓe, ko da ba ta san ma'anar kalmomin ba. In ya kai ƙarshe ta ce, "To, rufe littafin. Faɗa mini da Hausa, me ya faru?" Nan ne gaskiya ke fitowa. Yaron da ya fahimta zai ba da labari mai kai da gindi. Wanda ya furta kalmomi kawai zai yi ta kame-kame. Sai ta bi shi da tambaya irin wadda take yi wa maƙwabciya in ta kawo mata labari: wa ya yi, don me ya yi, daga nan sai me, kai da kai ne me za ka yi? Minti goma sha biyar ya isa. Abin da ake bukata shi ne a yi shi yau, a yi gobe, a yi jibi.

Wannan mataki na mayar da labari da Hausa shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan karatun Turanci ya rabu da karatun allo. Ana haddace Alƙur'ani don a kiyaye lafazinsa yadda ya sauka, kuma wannan ibada ce mai zaman kanta. Littafin makaranta kuwa ba a nemi a haddace shi ba, an nemi a gane shi. Yara da yawa a Ghana suna iya rera shafi guda da ka, tun daga farko har ƙarshe, amma in aka nuna musu kalma ɗaya daga tsakiya a wata takarda dabam, sai su yi tsuru. Iyaye su ɗauki naci da tsari daga makarantar allo, su ƙara da tambayar ma'ana.

Akwai inda uwa ba za ta iya ba, kuma a nan yaya ke shigowa. Rubutun Turanci ba shi da alƙawari: harafi ɗaya yakan ba da sauti biyu ko uku, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Dole a samu wanda zai gyara furuci. A gidan haya na Nima, inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya, da wuya a rasa ɗan ƙaramar sakandare ko 'yar babbar sakandare. A ɗora musu wannan nauyi kamar yadda ake ɗora musu ɗiban ruwa, kuma su ma za su ƙaru. Sharaɗi ɗaya ne: ban da bulala, ban da dariya. Yaron da aka doka saboda ya yi kuskure a kalma, abin da zai koya shi ne ya yi shiru.

Za a ce ai magana ce mai daɗi a takarda. Ɗaki ɗaya ne, mutum shida a ciki. Uwa ta tashi tun kafin asuba ta ɗora wake da shinkafa ko kokon sayarwa, uba yana kan tuƙin toro-toro har dare, wuta tana iya ɗaukewa, rediyon maƙwabci ba ya shiru, littafi kuma kuɗi ne. Duk gaskiya ne, kuma wanda bai san wannan rayuwa ba bai kamata ya yi wa mutanen Zango wa'azi ba. Amma unguwar ba ta rasa abin karantawa. Gwangwanin Milo yana da rubutu, kwalin magani yana da shi, allunan shaguna a kan titin Nima suna da shi, haka saƙon da ke shigowa waya in an turo kuɗi. Uwa mai sana'a tana iya sa ɗanta ya rubuta mata jerin cefane ko sunayen masu bashi, ya karanta mata washegari. Gidan da ke da ɗan'uwa a Jamus ko Amurka, kuma suna da yawa a Nima, yaro na iya karanta sakin layi ɗaya a tura wa kawu ta WhatsApp. Jaridar yara ta Junior Graphic ɗaya tana iya zagaya gida guda har mako ya ƙare.

Sannan akwai ɗakin karatu, wanda mutane da yawa ke wucewa ta gabansa ba su taɓa leƙawa ba. A 1990 wata 'yar Kanada mai suna Kathy Knowles ta fara karanta wa yara shida labarai a gindin bishiya a gidanta da ke Akra. Daga wannan zama aka samu asusun Osu Children's Library Fund, wanda ya buɗe ɗakin karatunsa na farko a cikin kwantena a Osu a 1992, daga baya ya kai aikinsa Nima da Mamobi. Asusun ya wallafa littattafai masu hotunan yaran Ghana da labaran da suka yi kama da rayuwarsu, abin da ke da muhimmanci ga yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba amma ake ba shi labarinta. A cikin unguwar kanta, ƙungiyar Achievers Ghana ta faro a 2011 a matsayin dandalin karatun littattafai na 'yan mata. Wannan na tuna wani abu: in lokacin karatun gida ya yi, a sauke wa 'ya mace tire da wanke-wanke na wannan ɗan lokaci. Ita ce aka fi tauyewa.

Wasu iyaye, cikin kyakkyawar niyya, sun bi wata hanya da ba ta ɓullewa. Sun hana Hausa a gida, suna yi wa yara guntun Turancin da su kansu ba su ƙware a kai ba. Yaron ya tashi Hausarsa ta yi rauni, Turancinsa bai tsaya ba, kuma ya rasa tatsuniya da hirar kaka, waɗanda su ne ke koya masa yadda labari ke farawa, ya ƙullu, ya warware. Mai kyakkyawar Hausa ya yi wa ɗansa kyakkyawar Hausa. Wasu kuma sun miƙa wa yaro waya suna murna yana kwaikwayon muryar katun. Jin Turanci dabam, karanta shi dabam, kuma jarrabawa a rubuce take zuwa. Kuɗin lesin ma ba ya maye gurbin kunnen gida, domin malamin da ke gaban yara masu yawa ba zai saurari kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

An ga amfanin gida ƙarara lokacin korona. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan firamare ba su koma ba sai Janairun 2021. An yi ta watsa darussan karatu ta rediyo da talabijin, amma rediyo ba ya jin yaro in ya yi kuskure.

Abin da ke gaba ba ƙarami ba ne. Tun Satumban 2017 babbar sakandare ta zama kyauta, sai dai makarantar da za a tura yaro ta dogara ne ga sakamakonsa na BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma kusan duk takardun wannan jarrabawa da Turanci suke. Ko yaran da ke mafarkin zama kamar ɗan ƙwallo Mohammed Kudus su sani cewa makarantar Right to Dream da ta raine shi ta haɗa aji da fili ne, kuma kwantiragin ɗan ƙwallo a rubuce yake zuwa. Tsohuwar fargabar cewa boko zai raba yaro da addininsa an daɗe da amsa ta: tun 1987 hukumar ilimi ta Ghana take da sashen makarantun Musulunci, inda ake haɗa Larabci da Turanci, kuma babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya kafa asusun tallafa wa ilimi.

Saura shugabanni su ɗauki nasu kason. Asusun Raya Zanguna da aka kafa da dokar 2017 ya ware wani abu don littattafan yara, a ajiye akwati guda a kowace makarantar allo, a riƙa ba da aro. Sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasa su nemi ma'aikatar ilimi ta dubi matsayin Hausa a ƙananan azuzuwan unguwannin da ita ce harshen yara. Limaman Juma'a su ba wannan batu huɗuba guda. Iyaye kuwa ba sai sun jira kowa ba: duk mai ɗa ko 'ya a aji ɗaya zuwa uku ya sa a ɗauko littafin yau, a karanta masa shafi ɗaya, ya nemi a faɗa masa ma'anarsa da Hausa.