Marubuta, a Daina Sayen Aure da Ran Yarinya

Akwai kaya guda da ke wucewa tsakanin Kwangwalam da Ɗan Barto wanda babu ɗan duwan da ya taɓa tsayar da shi, shi ne labari. A da a cikin kwali littattafan soyayya na Kano ke shigowa, ta Daura da Mai'adua, su bi hanyar Matamaye har Damagaram. Yau a waya suke zuwa, shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ko kuma a karance a katin waya, domin wadda ba ta yi nisa a lakwal ba ta saurara tana tankaɗe. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu a Yulin 2023, shinkafa da man fetur suka yi tsada, amma labaran nan ko kwana ɗaya ba su fasa shigowa ba. Tunda kuwa 'ya'yanmu na kwana da su suna tashi da su, ya kamata mu san abin da suke faɗa musu game da ranar da duniya ta yi wa mutum ƙunci.

Duk wanda ya karanta irin waɗannan labarai da dama ya san wata gaɓa da ake yawan maimaitawa. An hana yarinya wanda take so. Ta yi kuka, ta ƙi abinci, ba a saurare ta ba. Sai ta yi yunƙurin kashe kanta. A garzaya da ita asibiti, uba ya tsaya bakin gado yana hawaye yana cewa "na yafe, na janye", kakar da ta kafe ta sauko, babi biyu a gaba a ɗaura aure da masoyi. Marubuciya ta warware ƙullin labarinta cikin sauƙi, masu karatu sun yi kuka sun ji daɗi. Abin da ya zauna a zuciyar 'yar shekara 15 kuwa shi ne cewa akwai wata ƙofa da in ka ƙwanƙwasa, kowa a gidan zai saurare ka. Labarin ba ya gaya mata cewa da yawa daga waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofar nan ba su dawo sun ga nadamar kowa ba.

Wannan muhawara ta girmi wayar hannu. Wajen shekarar 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, inda aka matsa mata ta auri wani mai kuɗi har ta nemi halaka kanta, Allah ya sa ta rayu. Littafin ya karɓu sosai, ya kuma sha suka, har da zargin cewa yana koya wa 'yan mata abin da Sumayya ta yi. Ina ganin a yi wa marubucin adalci. Auren dole ba shi ya ƙirƙiro shi ba, kuma shi da Balaraba Ramat Yakubu, mai Wa Zai Auri Jahila?, suna cikin waɗanda suka tilasta wa iyaye kallon abin da suke yi wa 'ya'yansu. Matsalar ita ce abin da aka rubuta sau ɗaya don girgiza al'umma ya koma tsani, duk wanda labari ya cije masa sai ya taka.

Tsoron masu sukar kuma yana da tushe, ko da yake yawancinsu ba su san haka ba. Tun 1774, da marubucin Jamus Goethe ya fitar da labarin wani saurayi Werther da soyayya ta kai shi ga hallaka kansa, aka riƙa ba da rahoton samari na kwaikwayonsa, har wasu garuruwa suka hana sayar da littafin. A zamaninmu, Jay Asher na Amurka ya rubuta wa matasa Thirteen Reasons Why a 2007, kan wata ɗaliba da ta kashe kanta ta bar saƙonnin murya ga waɗanda take ganin su suka jawo. Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango a Maris 2017. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa a watan da ya biyo bayan fitowarsa, kashe kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100. Masana sun yi ta gardama kan ko fim ɗin ne sanadi, amma a Yulin 2019 kamfanin da kansa ya yanke wurin da aka nuna mutuwar yarinyar. Aibin labarin iri ɗaya ne da namu: mutuwa ta zama hanyar rama gayya, kowa ya dawo yana cizon yatsa.

Na san abin da wasu za su ce, a hana kawai. An gwada. A 2007 gwamnatin Kano ta tara littattafai ta cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma ga mu yau, labaran sun ninka, sun koma inda ashana ba ta kai wa. Ban da haka, masu bincike a Ostiriya sun nuna a 2010 cewa labarin mutumin da ya shiga ƙunci har ya yi tunanin mutuwa, sannan ya sami mafita ya rayu, yana tafiya ne da raguwar kashe kai. Ke nan batun ba haramtacce ba ne ga alƙalami. Yadda aka ba da labarin shi ne ke kashewa ko ya raya.

To wane labari ne ba a ba mu ba? Na ƙasar Kance. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma yawancinsu daga wannan yanki namu suka tashi. Tun daga ƙarshen 2014 ake ta maido da mutanenmu daga Aljeriya a manyan motoci. Yaron da aka tafi da shi yawon bara yana shekara 6 yanzu saurayi ne. Ya ga abin da ya gani a hanya, ya miƙa hannu a titunan ƙasar da ba ya jin harshenta, aka dawo da shi gari sa'o'insa sun yi masa nisa a karatu. Wa ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da yake gani in ya rufe ido? Ga yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗaki, a ƙasarmu, inda alƙaluman UNICEF suka ce kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Ga yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC, ya koma ɗaukar kaya a babur a bakin iyaka, aka rufe iyakar, ya koma wa ƙwaya. Ba ɗayansu da zai ga fuskarsa a labaran da ke cikin wayarsa, inda mai ciwon damuwa 'yar attajiri ce a unguwar masu kuɗi ta Kano ko Abuja, a sa ta a jirgi zuwa Dubai ta warke a shafi uku.

Shi ciwon damuwar ma ba haka yake zuwa ba. Ba lallai sai an hana mutum masoyi ba. Yana shigowa a hankali: yarinya mai surutu ta yi shiru, ta daina zuwa dandali, barci ya ƙaurace mata ko ya yi mata yawa, tuwo ya daina shiga, ta ce kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, mako biyu, wata guda, wata uku. A gida kuwa amsoshin a shirye suke. "Miskilanci ne." "Shagwaɓa ce, ci ya yi mata yawa." "Iska ce, a kai ta wurin malam." In ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, ni fa na gaji da duniyar nan," sai a ce, "Ke rufe mana baki, me kika rasa? Yi istigfari." Uwar ba mugunta take yi ba, tsoro ne ya kama ta, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata wata amsar. Nan ne marubuci yake da aikin da likita ba zai iya ba. Ya rubuta uwar da ta ajiye muciya ta ce, "Zo nan 'yata, zauna, faɗa mini tun yaushe." Uwa dubu za su ji wannan a waya ko a rediyo, wata ta tuna da shi ranar da ta buƙata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Masu cewa wannan ciwon Turawa ne su sake duba lissafin.

Masu cewa raunin imani ne kuma, ina da ja da su. Kashe kai haramun ne, ba mai gardama, kuma wannan sani ya riƙe mutane da yawa a daren da ba abin da ya rage musu sai shi. Amma haramcin aikin bai mayar da ciwon zunubi ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiran ta. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake, magani yake so. Malamin da ya yi wa yaro addu'a sannan ya ce wa ubansa a wuce da shi asibiti bai rage komai daga addini ba, kuma ina son in gan shi a cikin littafi.

Asibitin ma ba kusa yake ba, kada mu yaudari kanmu. Babban asibitin yankin yana Damagaram, sashen masu taɓin hankali da kowa ya sani, Pavillon E, yana Yamai, kusan kilomita 900 daga can, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa iyali su ɓoye mara lafiya a ɗaki. A tsallaken iyaka, sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya rayu, dokar da Ghana ta soke irinta a 2023. Saboda haka a gari irin Ɗan Barto, wanda zai fara lura da yaro shi ne mushen ajinsu, ko ƙawa, ko goggo, ko ma'aikacin asibitin gari. Su ne ya dace su zama jaruman labarin.

Roƙona ga masu rubutu a WhatsApp da Wattpad, da masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, ba shi da yawa. Kada a bayyana hanyar da aka bi ko abin da aka yi amfani da shi. Da gangan ban faɗi yadda Sumayya ta yi ba. Kada yunƙurin ya sayo wa yarinya aure, ko ya zama bulalar dukan iyaye. A bar ta ta warke yadda mutane ke warkewa, yau da sauƙi gobe jiki ya koma, da taimakon wani da ya saurara. Wanda kuma ke karanta wannan shafi alhali shi ne ke cikin halin, ya faɗa wa mutum ɗaya da ya yarda da shi yau ɗin nan, ya ce ya raka shi asibiti mafi kusa.