An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata irin ƙara da iyaye da malamai kan kai game da littattafan yara, wadda in mutum bai natsu ba sai ya ɗauka tausayi ne ya haife ta. Sai ka ji an ce wai littafi kaza bai dace da yara ba, domin a cikinsa an doki yaro har jini ya fita, ko an hana shi abinci, ko kuwa wani babba ya ɓata yarinya. Wai irin wannan labari yana firgita yara, yana hana su barci, yana buɗe musu ido a kan abin da ba su isa sani ba. To, 'yan'uwana ɗalibai, ni abin da na gani shi ne yawancin masu wannan ƙara kansu suke karewa da sunan yaro, kuma tarihin littattafan da aka yi wa ca ya isa shaida.

Mu fara da Ingila. A shekarar 1981 wata marubuciya, Michelle Magorian, ta fitar da littafi mai suna Goodnight Mister Tom, wanda ya ci kyautar jaridar Guardian ta labaran yara a 1982, aka kuma mayar da shi fim a 1998. Labarin wani yaro ne, William, ɗaya daga cikin dubban yaran da aka kwashe daga Landan zuwa ƙauyuka a 1939 don gudun bama-baman Yaƙin Hitila. An damƙa shi ga wani tsoho mai murtuke fuska wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. Tsohon nan ya tarar jikin yaron duk tabon duka ne, yana fitsarin kwance, in an ɗaga hannu sai ya maƙure, kuma a cikin jakarsa ga bel na fata da uwarsa ta haɗo shi da shi domin a ci gaba da horo. Uwar nan ba mashayiya ba ce, ba kuma mayya ba. Mace ce mai yawan ambaton Ubangiji. Daga baya ta sa aka mayar mata da ɗanta, ta ɗaure shi a jikin bututun ƙarfe a wani akurki da ke ƙarƙashin matakalar bene, ta kulle shi tare da ƙanwarsa jaririya, ta yi tafiyarta. Ko da tsohon ya biyo sawu aka fasa ƙofar, jaririyar ta riga ta mutu a hannun yayanta.

Shekara arba'in ke nan da ɗoriya ana karanta wannan littafi a makarantun Ingila, kuma har yanzu ba a rasa uba ko uwa da za su ce ya yi wa ɗan shekara goma nauyi. Amma waɗannan iyaye su ne ke saya wa 'ya'yansu Matilda na Roald Dahl, wanda ya fito a 1988, suna dariya, alhali kuwa a cikinsa shugabar makaranta ta kama yarinya ta kitsonta ta wulwula ta jefar, tana kuma kulle yara a wani matsattsen wuri mai ƙusoshi da fasassun kwalabe. Ashe dai ba azabar ce abin ƙi ba. Muddin an yi ta da raha, mai yin ta kuma wata dodanniya ce wadda ba ta yi kama da kowa a gida ba, an yarda. Laifin Magorian shi ne ta ce uwa ce ta yi, kuma ta faɗa ba da wasa ba.

Wannan dabara ta kawar da laifi daga kan na gida tsohuwa ce. Lokacin da Jacob da Wilhelm Grimm suka buga tarin tatsuniyoyin Jamus a 1812, matar da ta sa a kai yarinyar nan Snow White daji a kashe ta uwarta ce ta cikinta. A bugun 1819 sai ta rikiɗe ta zama matar uba. Haka uwar Hansel da Gretel, wadda ta zuga mijinta a yar da yara a dokar daji saboda yunwa: uwa ce a bugun farko, amma kafin a kai bugun 1840 ita ma ta koma matar uba. Ba a rage ko ƙwayar zarra daga muguntar ba. Dajin yana nan, wuƙar tana nan, tanderun yana nan. Abu guda aka gyara, wato sunan mai laifi, domin kada matan birni masu saye su karanta wa 'ya'yansu labarin da zai sa yaro ya ɗaga kai ya dube su.

Kada wani ya yi saurin cewa wannan halin Turawa ne. Wane ne a cikinmu bai tashi da tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa ba? Wane ne bai ji yadda aka kora 'yar bora ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja ba, ita kaɗai, a hanyar da ba a sa ran ta dawo? Kakanninmu mata ba su taɓa ganin yaro ya yi ƙanƙanta da jin labarin yunwa da duka da wulaƙanci ba, kuma da dare suke ba da shi, dab da kwanciya. Su da suka san gidan kishi ciki da bai, sun san akwai yaran da wannan ita ce rayuwarsu, sai suka ba su labari wanda a ƙarshensa wanda aka zalunta ne ke dawowa da dukiya. Amma ko a nan a lura da inda aka ja iyaka: kullum kishiyar uwa ce, ko Dodo, ko kura. Uban gidan, wanda ake yin kome a gabansa, sai ka neme shi a tatsuniya ka rasa, ko ka same shi shiru kamar turmi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Hatta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga tun 1934 aka kuma daɗe ana koyar da shi a makarantu, labarin yaro ne da aka sace aka raba da uwarsa aka ƙetara hamada da shi, amma ba a ji iyaye sun yi masa bore ba, domin masu laifin baƙi ne, zamanin kuma ya wuce.

Inda abin ya fi muni shi ne maganar fyaɗe. A 1999 wata Ba'amurkiya, Laurie Halse Anderson, ta rubuta Speak, labarin wata ɗaliba, Melinda, wadda wani babban ɗalibi ya yi wa fyaɗe a wurin wani biki. Ta kira 'yan sanda amma ta kasa faɗin abin da ya faru, ƙawayenta suka juya mata baya don ta watsa musu biki, ita kuwa ta yi ta rage magana har ta kusa zama bebiya. Littafin gaba ɗaya a kan wannan shirun ne. A 2010 wani malamin jami'a a jihar Missouri ya rubuta a jarida cewa littafin batsa ne, a fitar da shi daga makarantu. A duba wannan magana da kyau. Mutum ya karanta yadda aka danne yarinya tana kuka, abin da ya gani a ciki shi ne batsa. In akwai wanda ya kamata a bincika a wannan al'amari, to ba marubuciyar ba ce. Hukumar makarantun garin ta zauna a 2011 ta bar littafin a inda yake, ko da yake ta cire waɗansu biyu da mutumin ya haɗa a ƙararsa.

Su kuwa yaran da ake cewa ana karewa, me suka ce? Anderson ta sha bayyana cewa ta samu wasiƙu masu ɗimbin yawa daga 'yan mata da samari waɗanda suka ce abin da ya sami Melinda ya same su, kuma ba su taɓa gaya wa kowa ba sai da suka karanta. Ita kanta daga baya ta bayyana cewa an yi mata haka tana 'yar shekara 13. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani kashi na masu karatunta, samari, waɗanda suka riƙa tambayarta da zuciya ɗaya wai me ya sa yarinyar ta damu har haka. Ba mugunta ta sa su tambaya ba, ba su sani ba ne, domin babu wanda ya taɓa gaya musu. Waɗannan su ne mazajen gobe, da alƙalai, da 'yan sandan da za a kai wa ƙara. Duk wanda ya ƙwace littafin daga hannunsu ya zaɓi su girma da wannan jahilci.

Yanzu mu dawo gida da lissafi. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. An samu cewa yara 6 cikin 10 suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi musu lalata ko an nemi yi. Waɗanda suka samu wani taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikatawa mutane ne da yaron ya sani. To, malamin da ya tsaya gaban aji mai yara 60 ya ce ba zai karanta musu irin wannan labari ba don kada ya buɗe musu ido, idon wa yake nufi? A cikin ajin nan akwai waɗanda idonsu ya daɗe da buɗewa, ba kuwa littafi ne ya buɗe shi ba. Abin da suka rasa shi ne kalmar da za su kira abin da ita, da kuma tabbacin cewa laifin ba nasu ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu don a gyara musu tarbiyya. Babu ɗayan yaran nan da littafin ƙagaggen labari ya cuta.

Ba na musun cewa akwai littafin banza. Akwai marubucin da ke tsayawa yana lasar baki a kan azaba domin ya sayar da kaya, akwai kuma bambanci tsakanin abin da za a miƙa wa ɗan shekara bakwai da na ɗan sha huɗu. Yaron da ke cikin ciwo ma yana iya karanta labari irin nasa ya ƙara ruɗewa in babu babba kusa da zai saurare shi. Amma duk wannan hujja ce ta a karanta littafin tare da yaro, a zaɓa da ilmi, a koya wa malami abin da zai yi in wata yarinya ta tsaya bayan an tashi daga aji tana murza gefen hijabinta. Wannan aiki ne mai wuya, shi ya sa ake gudunsa. Cire littafi daga kanta kuwa minti biyu ne, mutum ya koma ofis yana jin ya yi jihadi.

Mu a nan matsalarmu ta ma fi ta Turawa, don su suna gardama a kan littattafan da suke da su. Mu ina namu? Littafin Hausa da aka rubuta musamman don ɗan firamare ko 'yar ƙaramar sakandare, wanda zai faɗi cewa kawu yana iya zama azzalumi, ko malami, ko mai shagon bakin layi da ke ba da alewa, sai an tona kafin a samu. Da 'yan matanmu suka nemi labarin da ya yi kama da rayuwarsu, a littattafan manya suka same shi. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, wadda aka cire daga makaranta tana 'yar shekara 13 aka ɗaura wa wani dattijo, Sarkin Noma, ya auka mata da ƙarfi, ta gudu, ta koma neman ilmi. Marubuciyar ita ma an yi mata aure a irin waɗannan shekaru, saboda haka ba jita-jita take ba da labari ba. A nan babu Dodo, babu kura. Uba ne ya bayar, miji ne ya karɓa, gari kuma ya ci tuwon biki. Irin waɗannan littattafai na kasuwar Kano, masu kyau da marasa kyau, an haɗa su an yi musu kuɗin goro da sunan ɓata tarbiyya, har a 2007 aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano. Ba a taɓa jin an tara bulalai da maruruwa an ƙone su da irin wannan biki ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya tun 2003 aka kafa ta, amma jihohinmu da dama sai da suka shafe shekaru suna jan ƙafa kafin su yi tasu. Ko da an yi, doka ba ta motsi sai an kai ƙara, ƙara kuwa ba ta zuwa sai yaro ya buɗe baki, a gidan da aka koya masa tun yana rarrafe cewa kunya ado ce, kuma babba ba ya ƙarya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla nan da 'yan shekaru su ne za su zauna a Ma'aikatar Ilmi suna tsara jerin littattafan karatu, su ne shugabannin makarantu, su ne masu kula da ɗakunan karatu na jiha. Wata rana wani mai faɗa a ji zai shigo ofis da littafi a hannu, ya naɗe shafi guda, ransa a ɓace, ya ce a janye shi. Kafin a ce masa an ji, ranka ya daɗe, a tambaye shi ko ya karanta littafin har ƙarshe, a kuma tambaye shi wane ne ya aikata laifin a shafin da ya naɗe.