Hutun matuƙa jirgin sama: abin da rikicin IndiGo ya tona

A makon farko na Disamban 2025, filayen jiragen sama na Indiya sun cika maƙil da fasinjojin da suka rasa tudun dafawa. Kamfanin IndiGo, mai jigilar sama da kashi 60 cikin ɗari na matafiyan cikin gida a ƙasar, ya soke tashin jirage fiye da 1,000 a ranar 5 ga watan kaɗai. Jiragen lafiyarsu ƙalau, babu kuma yajin aiki. Matuƙan da doka ta yarda su hau kujerar tuƙi ne suka yi ƙaranci.

Tushen lamarin sababbin ƙa'idoji ne da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Indiya, DGCA, ta sanar tun Janairun 2024. An ɗaga hutun mako na matuƙi daga awa 36 zuwa 48, an kuma rage yawan saukar da zai yi cikin dare daga shida zuwa biyu. Kamfanoni suka yi ƙorafi, aka ɗage, daga bisani aka raba aiwatarwar gida biyu: Yuli da Nuwamban 2025. Ke nan IndiGo ya samu kusan shekara biyu na ɗaukar ƙarin matuƙa da horar da su. Da wa'adin ya cika, jadawalinsa ya wargaje.

Abin lura shi ne matakin da hukumar ta ɗauka. Ganin ƙasa na neman tsayawa cik, sai ta sassauta wa kamfanin ƙa'idojin aikin dare har zuwa 10 ga Fabrairun 2026. Gwamnati ta umarce shi ya rage zirga-zirgarsa, amma sassaucin ne ya fi ɗaukar hankalin ƙungiyoyin matuƙa, kuma suna da hujja. Idan kamfani ya girma har ya zama ba a iya tsawata masa ba tare da jama'a sun ji a jikinsu ba, dokar ce ke durƙusa masa.

Irin waɗannan ƙa'idoji galibi bayan asarar rayuka ake rubuta su. A Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗo kusa da birnin Buffalo na Amurka, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban laifin kan kuskuren tuƙi, sai dai sun gano cewa mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya daga Seattle kafin ta kama aiki. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2014 ta wajabta hutun awa 10 kafin aiki, wanda a ciki dole a samu damar barcin awa 8 ba yankewa. Ko a can an bar ɓaraka, domin dokar ba ta tilasta wa jiragen dakon kaya ba, kamar dai gajiya na tambayar abin da jirgi ya ɗauko.

Najeriya ma tana da nata iyakokin, waɗanda hukumar NCAA ke sa ido a kai, kuma yanayin ƙasar kan matse su. Lokacin aikin matuƙi yana fara ƙirguwa ne daga sa'ar da ya iso bakin aiki, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Idan hazon hunturu ya tsare jirgin safe na Abuja zuwa Kano ko Maiduguri awa huɗu, awannin nan sun fita daga kason ranar. Wasu filayen kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana. Kamfani mai jirage kaɗan da matuƙa daidai wa daida ba shi da wanda zai karɓi aiki da yamma, sai a soke tafiyar.

A nan ne hadimin da maigidansa ke da zama da sassafe a wata jiha kan fara buga waya yana neman a yi wani abu. Abin da za a iya yi biyu ne: a kawo matuƙan da suka huta, ko a nemi waɗanda suka gaji su ƙetare iyaka. Na farkon kuɗi yake ci, domin samar da kyaftin guda aikin shekaru ne, kuma kamfanonin yankin Gulf na zawarcin ƙwararru da albashi mai tsoka. Na biyun ba ya cin ko sisi a ranar, shi ya sa jami'in da ke duba kundin awannin aiki a NCAA yake buƙatar sanin cewa na sama da shi za su tsaya masa ranar da ya hana jirgi tashi.