Kafin a sauke injin Land Cruiser ɗinka, ka tambayi lamba

1/ Zare 🧵
Akwai jumla ɗaya da ta fi kowacce cin kuɗin masu mota a garejojinmu: "Alhaji, injin nan ya gama yawo, sai dai a sauke." Cikin minti biyar ake faɗinta, ba a auna komai ba, miliyoyin naira kuma su bi bayanta. Yau da ita zan yi faɗa.

2/ Da ku nake, samari. Masu jan Land Cruiser da Hilux na gona, na asibitin karkara, na kamfani. Da kai da Baba yake miƙa wa makulli ya ce "je ka ji abin da bakanike zai ce". Da ku yaran gareji da za ku zama oga gobe.

3/ Laifi uku muke yi a jere. Mu yanke wa inji hukuncin kisa ba shaida. Mu sayo wani ba mu gwada shi ba. Sannan mu ɗora shi a kan abin da ya kashe na farkon. Bayan wata shida kuma mu zauna a majalisa muna cewa injinan yanzu ba su da ƙarko.

4/ Zan yi misali da 1HZ, injin dizal mai silinda 6, lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990. Shi ne a cikin Land Cruiser 75, 78 da 79 da yawa, har da bas ɗin Coaster. Ba turbo, ba kwamfuta. Famfon injekta ne da nozul shida, shi ke nan.

5/ Irinsa ne ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Irinsa ne ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da bai taɓa ganin kwalta ba. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, ba ya gudu, amma wajen jure wahala sai dai a sara masa. Yawancin waɗanda suka mutu, kashe su aka yi.

6/ Ku fara gane wannan, sauran duk zai zo da sauƙi. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da in nozul ya fesa mai sai ya kama da kansa. A 1HZ ana matse iskar kusan ninki 22. Wannan matsin shi ne ran injin.

7/ Kenan tambayar "injin nan ya tsufa ko bai tsufa ba" tana da amsa, kuma amsar lamba ce. Ana cire hita fulogi, a ɗaura agogon kwamfureshan a raminsa, a tsayar da mai, a yi kik, a karanta. Silinda ɗaya bayan ɗaya har shida.

8/ Littafin gyara na Toyota ya ba 1HZ ma'auni: lafiyayye psi 526 ko sama, mafi ƙaranci psi 384, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da ɗan'uwansa kada ta wuce psi 71. Ka ajiye wannan a wayarka. Aikin bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba.

9/ To ka tambayi duk wanda aka taɓa sauke wa inji: nawa silinda ta uku ta ba da? Wallahi mafi yawa za su yi maka kallon mai sabon yare. An dai taka totur, an kalli salansa, oga ya girgiza kai ya ce "inna lillahi". Binciken kenan gaba ɗaya.

10/ Mu ɗauki shaidun da ake kafawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko: "yana baƙin hayaƙi". Baƙin hayaƙi mai ne ya fi iska yawa. Iyakilina ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi, ko wani ya murɗa famfo wai don mota ta ƙara ƙarfi. Ina tsufa a nan?

11/ Na biyu: "yana farin hayaƙi". Iri biyu ne, hancinka zai raba maka. In yana yaji a ido da warin dizal, man ne bai ƙone ba: hita fulogi, nozul, tamin, ko ƙarancin matsi. In tururi ne kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ne ko tof silinda ya tsage.

12/ Ko tof silindan ne ya tsage, kan inji ne ya samu matsala. Bulok, fistin da karanshaf na iya zama lafiya lau. Mutum ya yi ciwon kai sai a ce a haƙa kabari? Haba jama'a.

13/ Na uku: "ba ya tashi da safe". A sanyin Jos ko Zariya cikin Disamba, hita fulogi biyu su mutu sun isa su sa ka turi. Batir mai rauni ko kik da ya gaji ba sa juya inji da saurin da zai yi zafi. Iska ta shiga tiyon mai ma haka. 

14/ Na huɗu: "yana shan baƙin mai". Sha yake yi ko zubarwa? Ka leƙa ƙarƙashi tukuna. Sil ɗin gaba da na baya suna zubar da lita guda ba ka sani ba. In da gaske ƙonawa yake yi, hayaƙin zai yi shuɗi-shuɗi, kuma ko a nan sil ɗin bawul na iya zama mai laifin.

15/ Na biyar: "fitilar mai tana kawowa". Suwic ɗin fitilar nan ƙaramin abu ne da ke lalacewa. A cire shi a ɗaura agogo, a auna matsin mai bayan inji ya yi zafi sosai. In ya faɗi da gaske, to a nan ne za a fara zancen metal da famfon mai.

16/ Akwai gwajin da kowa zai iya. Inji na silo bayan ya yi zafi, ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin. In yana 'yar rawa a wurinsa, da sauƙi. In iska na cilla shi, hayaƙi na bulbulowa, ringi sun fara sallama. Amma alama ce kawai, agogo ne alƙali.

17/ Na san amsar da za ta zo a ƙasa: "Oga shekara talatin yana aikin nan, kunnensa ya fi na'ura." Ina girmama ogogin nan, akwai waɗanda daga ƙara za su ce maka nozul na biyar ne kuma ya zama shi ɗin. Amma kunne ba ya jin bambancin psi 380 da 450. A nan kuɗinka yake.

18/ "Ba mu da kayan aiki." Gaskiya ne agogon injin fetur ba ya yi, sai na dizal mai kaiwa psi 1,000. Amma kuɗinsa bai kai na wayar da kake karanta zaren nan da ita ba. Garejin da ke sauke inji uku a wata ya ce ya gagari saye? Ba a so ne kawai.

19/ Me ya sa ba a so? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A sauke inji akwai kuɗin aiki mai kauri, akwai la'ada wurin mai sayarwa, akwai tsohon injin da za a ce maka "ai kwandam ne" a saye shi kuɗin ƙarfe. A wankin nozul me za a samu?

20/ Mu ma masu mota ba mu kuɓuta ba. Bakanike ya ce a biya shi kuɗin bincike, sai mu ce "me ka yi? Ko sifana ba ka ɗaga ba." Mun koya musu cewa tunani kyauta ne, kwance-kwance ne ake biya. Ga sakamakon nan muna girba.

21/ Ban ce ba a canza inji ba. In kwanrod ya fasa bulok ya leƙo waje, ko karanshaf ya karye, ko bulok ya tsage, zance ya ƙare. In duk shidan sun faɗi ƙasa da 384 kuma ba mai gyaran bulok na ƙwarai kusa da kai, canji na iya fin obahol sauƙi.

22/ Sai laifi na biyu: cinikin biri a sama. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas. Akwai 'yan kasuwa masu amana a duk wuraren nan. Amma kalmar "Beljiyam" ba takardar lafiya ba ce. Tsohon inji ne da ba ka san wahalar da ya sha ba.

23/ Inji yana ƙasa ma ana gwada shi. A kawo batir mai ƙarfi a yi kik a auna silinda shidan a gabanka. Mai sayarwan da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Wanda ya ce "ai ba a yin haka a nan", yi masa godiya ka ƙara gaba.

24/ A buɗe murfin bawul. In ka ga baƙin mai ya daskare kamar kwalta, mai shi bai san juye ba. A kwance kaskon mai na ƙasa, ka shafa da yatsa. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, metal ne ke magana. Ka leƙa hanyar ruwa ka ga ko tsatsa ta cinye.

25/ Injin da aka wanke fes aka fesa masa sabon fenti, ka ji tsoronsa fiye da mai datti. Datti yana nuna maka inda mai yake zuba. Fenti rufa-rufa yake yi.

26/ Sunan 1HZ kaɗai bai isa ba. Wasu sun fito daga motoci masu wuta 24, taka mai 12 ce. Kik, altaneta, hita fulogi da abin tsayar da mai na jikin famfo duk za su bambanta. Ka kwatanta kaskon mai da mauntin da na tsohonka kafin ka biya.

27/ Garanti a rubuce, da kwanaki, da lambar inji a kan rasit. "Ai mun saba" ba ya dawo da kuɗi. Bayan an ɗaura, ka je ofishin lasisin mota a gyara lambar inji a takardu. In ba haka ba wata rana a shingen bincike za ka yi bayanin da ba ka shirya ba.

28/ Laifi na uku ya fi ba ni haushi. An kashe miliyoyi an sayo inji, sai a haɗa shi da lagireton da ya toshe, da tiyon iska mai tsaga, da tankin da ruwa ya kwanta a ƙasansa. Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri.

29/ Ƙura ce babbar makashiya a ƙasarmu. Tsaga 'yar ƙarama tsakanin iyakilina da inji ta isa ta riƙa shigar da yashi, yana goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Masu bushe filta da iskar falkaneza mai ƙarfi, takardar kuke hudawa. Ku haska tocila ku gani.

30/ Sai tamostat. Wa ya fara koya mana cewa "na ƙasar sanyi ne, a cire"? Injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi saurin cinyewa. A injina da yawa kuma shi ke rufe gajeriyar hanyar ruwa. Ka cire shi, ruwa ya riƙa zagaye yana kauce wa lagireto.

31/ Ruwan rijiya da na bohol suna barin gishiri da tsatsa a lagireto. Kulant ake sawa. Allurar zafi ta haura kuma, tsayawa ake yi nan take. "Bari mu ƙarasa garin can" ta tsaga tof silinda fiye da yadda tsufa ya taɓa yi.

32/ Tun inji yana ƙasa a sa sabon tamin bel da tenshina. Gwargwadon shekarar injin, tsakanin kilomita 100,000 zuwa 150,000 ake canza shi, kai kuma ba ka san nawa wannan ya yi ba. In ya tsinke, bawul da fistin za su gaisa, kuma gaisuwar tana da tsada.

33/ A lokaci guda a duba famfon ruwa, sil na gaba da na baya, kuloci da mauntin. A kai nozul shidan wurin masu gwaji a ga feshinsu. Yanzu kuɗin kaya kawai za ka biya. Bayan an ɗaura, sai an sake sauke giyabos saboda sil guda.

34/ Tsohon injin kuma kada ka bari a karɓe shi kuɗin ƙarfe. Famfon injekta, karanshaf, tof silinda, kik, kowanne kuɗi ne. Bulok ɗin ma ana buɗa ramukansa a sa fistin da ya ɗan fi girma ya koma aiki. Wanda ya ce maka kwandam ne, tambaye shi me zai yi da shi.

35/ Wani zai ce duk wannan surutu a kan ƙarfe? Motocin nan inda ba sabis, ba janwe, ba gareji suke shiga. A cikin gari inji ya tsaya ka hau adaidaita. A tsakiyar Tenere, ko a dajin damina da mara lafiya a baya, lissafin ruwan sha da numfashi ake yi.

36/ Yaran gareji, ga shawara kyauta. Ku haɗa kuɗi ku sayi agogon kwamfureshan na dizal da na matsin mai. Ku riƙa rubuta wa kwastoma lambobinsa a takarda. A layin da kowa ke duba da ido, mai ba da lamba shi direbobi za su riƙa yi wa talla.

37/ Masu mota, ku biya kuɗin bincike da daɗin rai. Duk ranar da aka ce maka "sai an sauke", tambaya uku: nawa kowace silinda ta ba da? Nawa matsin mai da zafi? Me ya kashe shi? In ba amsa, karɓi makullinka.

38/ Ogogi, filin amsa a buɗe yake, ku zo mu yi ta. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya zo da lambobinsa. Ku tura wa wanda motarsa ke kan jak yanzu haka, wataƙila bai riga ya biya ba.