Wa Ya Ce Babu Dutse a Gabashin Sakkwato?

Duk lokacin da aka tashi zancen tsara jerin duwatsun Najeriya domin masu sha'awar hawa, sai ka ji an fara da Chappal Waddi na Taraba, mai mita 2,419, a gangaro zuwa Filato, a rufe littafi. Wurno da Rabah da Goronyo ba sa samun ko layi ɗaya, wai ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Wannan hukunci bai fito daga idon da ya ga wurin ba. Ya fito ne daga ma'aunin aro da ba a tsaya an bincika ba.

Ma'aunin nan shi ne tsayi daga bakin teku. A 1891 Hugh Munro ya jera duwatsun Sukotland da suka kai ƙafa 3,000, wato mita 914, kuma a yau jerin na da 282. Ya dace da ƙasarsa. Amma mai tafiya a ƙasa ba daga teku yake fara hawa ba, daga gindin tudu yake farawa, kuma gwiwarsa ba ta san lissafin teku ba. Su kansu Turawan Birtaniya sun gane haka. A 1992 Alan Dawson ya fitar da wani jeri da ya dogara ga abin da zan kira tashin kai: nawa ne dole ka sauka daga ƙololuwa kafin ka fara hawan wani tudu da ya fi ta. Ya yanke mita 150. Daga baya wasu suka sauko har mita 30. Masu duwatsun sun sassauta, mu da muka ara muka ƙanƙame.

Ka je Wurno ka tsaya a bakin gangaren da ke kallon fadamar Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai kafa ribaɗi a nan don tsayinsa daga teku ba. Abin da ya auna shi ne yadda tudun ya ɗara fadama, da nisan da ido ke kaiwa idan mahara suka taso daga Gobir. A nan aka rufe shi a 1837. Ashe tashin kai ma'auni ne da magabatanmu suka yi aiki da shi tun kafin a raɗa masa suna a Ingila.

Masana duwatsu kuwa sun riga mu girmama waɗannan tuddai. Taloka da Dukamaje da Wurno duk sunaye ne na shimfiɗun dutse a littattafansu. Daga shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. Yaro ɗan Goronyo zai iya gama sakandare bai taɓa jin sunan ba.

Za a ce idan aka sassauta ma'auni, kowace jigawa za ta shiga jeri. To, a kafa iyaka: mita 30 na tashin kai, a auna, a rubuta. Tarihi da abin da ke cikin dutsen a ba su shafi na dabam, kada son gari ya gurɓata awo. Gaggawar ita ce, tudun da ba shi cikin kowane jeri, ranar da motar ɗibar marmara ta iso gindinsa, ba wanda ke da takardar da zai ɗaga a gaban shugaban ƙaramar hukuma.