Motar Da Ke Jingine A Gida, Sai An Yi Mata Inshora?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, watau ko motar da mutum ya jingine a gida tana bukatar inshora.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwar hatsi tsakanin ƙauyenmu da kasuwannin Dandume da Funtuwa. Ina da tsohuwar a-kori-kura Peugeot 404. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na kai ta bayan rumbu na lulluɓe ta da tamfol, har kaji suka mai da ƙarƙashinta gida. Ba ni kaɗai ba, a garinmu irinta sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya.

Da takardar inshorarta ta ƙare ban sabunta ba. Dama tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙara kuɗin: motar gida daga naira 5,000 ta koma 15,000, mai ɗaukar kayan mai ita kuma 20,000. Na ce ina dalili?

Har yau ina ganin a nan ban yi kuskure ba. Ɗana da ya yi sakandare ya karanta mini tsohuwar takardar. Wannan inshora da ake tilasta mana, wadda 'yan boko ke kira ta mutum na uku, ba motarka take karewa ba. Wanda ka buge take biya, ko wanda ka yi wa ɓarnar dukiya. Tun dokar zamanin Turawa ta 1945, magana ce ta hawa hanya da mota. To, wa motar da ke bayan rumbu za ta buge? Abin da ke cin mota a ajiye gobara ne, da ɓarawon batir, da ɓera mai cin waya, kuma wannan takarda ba ta biyan ko sisi a kansu. Mai tsoron gobara da sata, akwai wata daban ta wannan, kuɗinta ya fi yawa. Mai mota mai tsada ya je ya tambaya. Tawa dai ba ta kai ba.

Kuskurena a wani wuri yake. Da kakar 2024 na rasa motar haya, ga masara jibge a gona, na ce bari in yi sahu ɗaya kawai. Muka aro batir, yara suka tura, ta tashi. Ashe man burki ya tsiyaye a zaman da ta yi. A gangaren shiga kasuwa na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na kwashe wani babur da ke tsaye, na haɗa da teburin mai shayi. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma yaron mai shayin ya karye a ƙafa.

Mai unguwa da dattawa suka sasanta mu. Gyaran babur, da ɗori, da kayan shayi, duk a kaina. Buhu shida na masara suka tafi, da ragon da nake kiwo don layya. Da ina da takarda ta gaskiya, irin ta motata tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Na san wasu za su ce kamfanonin nan sai sun ga dama suke biya. Ko da sun wahalar da ni, ai da ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Saboda haka 'yan'uwana manoma, in mota ta zauna da gaske, a cire batir, a ɗora ta kan duwatsu, a bar kuɗin a sayi taki. Amma in ka san ranar naƙuda ko ranar kasuwa za ka ce "sahu ɗaya kawai", to ba a ajiye take ba, ka biya. Ga shi 'yan sanda sun sanar da fara kame kan wannan takarda tun 1 ga Fabrairun 2025. Kuma a guji ta bakin tasha mai araha, wadda ba ta da kamfani a bayanta. Mai ƙyamar inshora saboda addini, akwai ta takaful.

Kirana ga hukuma da kamfanoni shi ne su kawo mana inshora ta wata uku, daga Oktoba zuwa Disamba, a sayar da ita a kasuwannin hatsi inda za mu gan ta. Motar manomi wata tara tana barci, me ya sa zai biya na shekara?

Tawa tana nan bisa duwatsu, makullin kuma na ba uwargida, na ce kada ta ba ni sai ta ga takarda.

Naku,
Wani manomi, daga yankin Funtuwa, Jihar Katsina.