Martani: Ba Kwaɗayi Ba Ne, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk wanda damuwa ke sa shi yawan ci, kwaɗayi ne ke damunsa da rashin tawakkali, wai ciwon Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. Ban yarda ba.

Ka tsallako gada ka zo Kakuri ka gani. Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu, gidaje da yawa ba su sake miƙewa ba. Ina da maƙwabciya a Makera, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Duk daren da tunanin kuɗin haya ya hana ta barci, sai ta aiki yaro wurin mai shayi ya sayo mata soyayyar taliya da ƙwai da lemon kwalba. Yau tana fama da ciwon suga da hawan jini. Ita ce 'yar masu kuɗin?

Likitoci sun bayyana cewa doguwar damuwa tana ɗaga sinadarin kotisol a jiki, shi kuma yana tayar da sha'awar zaƙi da maiƙo. Ga shi tun cire tallafin fetur a 2023, kifi da 'ya'yan itatuwa sun fi ƙarfin talaka, fanke ne ke kusa da aljihunsa.

Wanda ka kira makwaɗaici kunya za ta sa ya koma ɗaki ya ci a ɓoye. Da ka ce masa ya je asibiti a auna jininsa, ka kuma zauna ka saurari abin da ke cin ransa, da ka taimake shi.